Sabon Ɗan Ƙungiya Bai Iya Ruwa Ba

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Kalgo. Ya Kaduna, ya Malam da yara? Da fatan ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Maigidana ya shiga ƙungiyar taimakon gari. Ba a shiga haka kawai, sai tsofaffin 'yan ƙungiya sun tsaya maka, sannan ka yi damina guda ana gwada ka. Suna yashe magudanai, suna haƙa kabari, suna kai marasa lafiya asibiti. Ranar da ya dawo sanye da rigarsu, sai na gan shi kamar jaruman littattafan da nake karantawa, na yini ina murmushi ni kaɗai.

Ashe dokarsu, in ruwa ya ci gari, sababbi ne ke shiga kwalekwale su kwaso mutane. Wanda ya noƙe, a karɓe rigar a gaban jama'a. Yaya, mutumin nan a Gwandu ya tashi yana bin shanu, bai iya ruwa ba. Na ce ya faɗa musu, ya ce, "Haba amarya, in kunyata waɗanda suka tsaya mini?"

Jiya aka ce gulbi ya fara shiga gonakin Wurogauri, ƙauyen da ke nan kusa da mu. Tun safe hadari ke tsaye a gabas, baƙi ƙirin, ko iska babu.

Don Allah Malam ya kira shi yau, maganarsa kaɗai yake ji. Ku sa mu a addu'a. Ki gaishe da Goggo, amma kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Asma'u