Iskar Tayoyin Gaba

Juma'a, bayan isha'i

Gobe da safe ne gasar tuƙi a filin hanyar Mai'adua, inda za mu zagaye jarkokin da aka jera, a ga wanda zai fi sauri bai ture ko ɗaya ba. Tun hantsi nake kan motata. Na cire kujerar baya, na juye baƙin mai, na duba birki. Ni kaɗai.

Ƙanena Nura kuwa, wanda ni na koya wa riƙe sitiyari, sai la'asar ya shigo da tasa, ko wanke ta bai yi ba. Baba na ganinsa ya tashi daga tabarma. Mutumin da ya tsufa a jan babbar mota, kullum yana kukan gwiwa, yau shi ne a tsugune yana latsa tayoyin Nura da babban yatsa. Na ji yana ce masa, "Ƙara wa na gaba iska, kada su lanƙwashe a kwana." Har ya dafa motar ya yi masa addu'a.

Na ce, "Baba, tawa fa?"

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Kai ai ka iya."

Wataƙila yabo ne. 

Bayan magariba na lallaɓa wurin mai facin bayan kasuwa, inda Nura ba ya zuwa, na sa ya ƙara wa tayoyina na gaba iska. Ya tambaye ni wa ya ba ni wannan dabarar. Na ce babana ne.