Karcen da ke Kusurwar Silikon

Litinin, 3 ga Maris

Haske ya shiga, bai fito ba. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan a littafin gwaji, har hannuna ya haddace.

Guntun silikon ne, irin na cikin kwamfuta, bai kai farcen babban yatsana ba. A kansa akwai hanyoyin haske goma sha biyu a jere, kowace ta fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma ni na zana su. Aikin ba wuya a baki: in saita zaren gilashi mai ɗauko haske a bakin hanya ta uku, in kunna fitilar leza, haske ya bi ta ciki ya fita ɗaya gefen, na'ura ta auna. In ya bi lafiya, sai a ɗiga ruwa a kai, canjin hasken ya nuna ko ruwan na da guba. Shekara uku ina kan wannan digirin na dakta. Allurar na'urar ko motsi, sai ka ce zana ta aka yi.

Laraba, 5 ga Maris

Na gano mai laifin. Baba Sannu ne, ma'aikacin ɗakin tsabta, inda ba a bari ko ƙura ta shiga, wanda ke sassaƙa mana hanyoyin a kan silikon. Shekara ashirin da biyu yana ɗakin nan, komai ka kai masa sai ya ce "sannu-sannu", har sunan ya bi shi. Na duba guntayen bakwai da ya yi mini, kowanne da karce a kusurwa ɗaya. Dama tun farko nakan juya karcen ya yi nesa da inda haske ke shiga, amma yau na ce ai wanda ya karce waje, Allah kaɗai ya san ɓarnar da ya yi a ciki.

Na tare shi a ƙofa yana cire farar rigar aiki. Na miƙa masa guntu ɗaya, ya karɓa ya duba, ya ce, "Malama, ai wannan karcen..." Ban tsaya ba. Na ce ba uzuri na zo ji ba, na juya na bar shi riƙe da hularsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai wa Farfesa, mai duba aikina, takardar ƙorafi, shafi biyu, har da hotuna. Na ji sanyi a raina.

Asabar, 8 ga Maris

Maigida ya ce in hasken ne ya gagara, ga tocilan ɗinsa, in mayar masa da yamma. Shi kaɗai ya yi dariyarsa. Yaya ta zo da rana, na kwashe labarin na ba ta muna ninke wanki. Ina jiran ta taya ni, sai ta tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce bai ce komai ba. Ta dube ni ta ƙasan ido, ta ce ta san irin wannan "bai ce komai ba" ɗin tun ina 'yar firamare. Da ban gaya mata ba.

Talata, 11 ga Maris

Farfesa ya kira ni. Kwamiti zai zauna ran Litinin a kan takardata. Ashe akwai masu son a ɗauke Baba daga ɗakin tsabta, wai ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, hujja kawai suke nema. In ta tabbata, sito za a mai da shi ya riƙa ƙirga kwalabe, ga shi saura shekara biyu ya yi ritaya.

Ni ban ce a cire shi ba. Gyara na nema.

Da na dawo na tarar ya ajiye mini sabon guntu a tebur, cikin akwatinsa. Da karcen, a kusurwa ɗaya! Wallahi kaina ya ɗau zafi. Wannan ai raini ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Dogo, abokin karatuna, ya zo aron tebur, ya same ni ina ɗora sabon guntun. Ya leƙa, ya ce me ya sa na juya shi? Na ce ina kawar da karcen ne. Ya ɗan ja da baya, kamar mai gudun mari. Sannan ya ce karcen ai alama ce. Baba ke yin sa da gangan, a kusurwar da hanya ta ɗaya take, don ido ba ya bambance hanyoyin ko a madubinmu na ƙara girma. Kowa a nan ya sani. Ni a inda na yi digiri na biyu lamba ake bugawa a jiki, ban taɓa tambaya ba, ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

To, in ka juya guntun ka ƙirga uku, ta goma ka samu. Ta goma kuwa ni na matse ta da hannuna a zane, da gangan, don in ga sirantar da haske zai kasa bi. Sati uku ina cusa haske a hanyar da na toshe da kaina.

Na juya shi. Allura ta tashi kamar an tsikare ta. Shekara uku ina jiran wannan ranar, ko murmushi ban yi ba. Dogo ya ce bakinsa ƙanin ƙafarsa, ba mai ji daga wurinsa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gwada tsofaffin bakwai ɗin. Duk lafiya lau, na biyar ma ya fi sabon kyau.

Farfesa ya tsai da ni a baranda, na ce haske ya fito. Ya ce, "Madalla, sabon ya yi ke nan. Kin ga amfanin ƙorafi." Na ce ranka ya daɗe, na wuce. Ban yi ƙarya ba. Na dai bar shi ya yi mini ita.

Lahadi, 16 ga Maris

In na yi shiru, ba mai sani. In na yi magana, har masu shara za su ji cewa mai neman zama dakta ba ta san gaban aikinta da bayansa ba. Na dafa abinci na kasa ci, na huce a kan maigida a banza.

Litinin, 17 ga Maris

Na shiga zaman kwamitin ba a kira ni ba. Mutum huɗu a bayan tebur, Baba a kujerar roba a gefe, ya sa kayan fita, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na zube guntayen bakwai da sakamakonsu, na ce aikinsa ba aibi, ni na juya su. Ɗayansu ya sa na maimaita, wai bai ji ba. Ya ji sarai. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Aka tambayi Baba ko yana da magana. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ranar ma abin da zan gaya mata ke nan."

An janye takardar, zai ci gaba da aikinsa a ɗakin tsabta. A waje na ce Baba ka yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana, ya wuce abinsa.

Alhamis, 20 ga Maris

Baba ya roƙi Farfesa a kai aikina wani wuri, wai ba ya so ya sake ɓata wa Malama lokaci. Farfesa ya ce akwai kamfanin da zai yi mini cikin sati biyu, har da lamba a jiki. Na ce ban yarda da aikinsu ba, zan jira Baba. Sun iya, na sani. Jiran zai iya cinye mini zango guda, maigida ya ce taurin kaina ne ya sauya hanya kawai.

Yanzu ta ƙofar ɗakin tsabta nake bi in zan je ofis. Ba wani abu ba ne, can ɗin ya fi inuwa. Jiya na gaishe shi bai amsa ba. Yau ya amsa, bai dai ɗago ba.