Ƙyallen Makoki Yana Hannuna, Baba Kuma Yana Son Hawa Genting

Anti Poh Choo,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai ce na cika ƙorafi ba. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ce, labule nake ɗinkawa a Ipoh, in kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka kaina yake a kwanakin nan. Magana ce ta tafiyar kwana biyu zuwa Genting, garin shaƙatawa da caca da ke kan dutse. Na san za ki ce wannan ma har ya isa a rubuto? Da a bara ne, ni ma abin da zan ce ke nan.

Mamanmu ta rasu wata biyu da suka wuce. Mu 'ya'yanta muna ɗauke da ƙyallen makoki a hannun riga, kuma a gidanmu sai an cika kwana ɗari ake cirewa. Kin san ƙa'idar, ba biki, ba jan kaya, ba wurin shaƙatawa, balle gidan caca. Baba shi ba ya saka ƙyalle, tunda miji ba ya saka wa mata. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba sai bana.

Tsofaffin unguwarmu suna da motar da suke haya duk shekara a watan tara, su hau dutsen su kwana su sauko. Inna Yoke Lan ce mai tara sunaye, ƙawar Mama tun suna 'yan mata. Mama kuwa ba ta taɓa fashin tafiyar nan ba. Injin caca take so, irin na ƙananan kuɗi, kuma kada ki ɗauka wata 'yar caca ce, ko cokalin gida ba ta taɓa sayarwa don wasa ba. Abin da ta ware ya ƙare, ta tashi. Baba kuma ko sau ɗaya bai taɓa danna injin ba, ya ce ƙararsa tana sa masa ciwon kai. Aikinsa ya riƙe mata rigar sanyi da gorar shayi, ya zauna a wani benci kusa da ƙofar zauren, yana gyangyaɗi. In ta fito sai ya ce, “To, injin ya ƙoshi, ko da saura?” Ita kuma ta ce, “Rufe min baki, tsoho, bakinka ne ke kore min sa'a.” Haka suke yi tun ina makaranta, har mun haddace.

Da lokacin tara sunaye ya zo, Baba ya goge takalminsa, ya fito da rigar sanyinsa ya shanya. Na ɗauka cikin mutanensa zai ɗan sake. Sai ga Inna Yoke Lan ta zo, ta tsaya a bakin ƙofar waje, ko farfajiya ta ƙi takawa, ta ɗaga murya ta kira sunan Baba ta ce, “Kam Weng, bana fa mota ta cika, sai dai baɗi in muna raye.” Baba ya ce ba komai. Kwana kaɗan bayan haka yana zaune a shagon kofin da suke haɗuwa da safe, ya ji da kunnensa ana cigiyar mutum uku da za su cike kujeru. Da suka lura da shi sai kowa ya kama juya cokali a kofi. Anti, ni ba yarinya ba ce, na san dalili. Gidan da aka yi mutuwa ba a son mutuminsa a motar masu zuwa neman sa'a. Mama kanta da tana raye wataƙila da ta yi wa wani haka. Amma sanin dalili bai hana abin ya yi ciwo ba.

Tun ranar bai sake zuwa shagon kofin ba. Mutumin da ba ya wasa da kofinsa mai madara da gasasshen burodi, yanzu sai in kai masa shinkafa da kaza da rana, in dawo da yamma in tarar ya ci loma biyu ya rufe. Wandonsa da igiya yake ɗaurewa. Likitan da ke duba masa ciwon suga ya kalle ni ya ce me kuke ba shi, kamar ni ce nake cinye abincin. Na fito daga asibitin na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Sai na yi tunanin in kai shi da kaina. Na gaya wa Yaya Wai Keong, babban wanmu da ke Kuala Lumpur, ta waya. Kai, kamar na ce zan tone kabarin. Ya ce, “Ke kina da hankali kuwa? Ƙasar kabarin Mama ba ta bushe ba za ki shiga garin caca da ƙyalle a hannu? Ko cirewa za ki yi ki sa a jaka? Me dangi za su ce?” Na ce to Baba fa? Ya ce Baba ya yi haƙuri kamar kowa, ai kwana ɗari ba shekara ɗari ba ce. Shi da yake zuwa sau biyu a wata, ya kunna turare, ya ci taliya, ya ba da umarni, ya koma. Ni da nake wanke kwanukan da ba a ci komai a cikinsu ba, ni ce marar hankali. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Kuma fa ba wai maganarsa ba ta shige ni ba. Ta shige ni sosai. Ni na maƙala ƙyallen nan da hannuna a gaban akwatin gawarta, duk safiya in na sauya riga ni nake mayar da shi. In na cire don in shiga otal, ji nake kamar na ajiye ta a gefe don ta zame min nauyi. In kuma na tafi da shi a hannu, duk wanda ya gan ni a can zai matsa gefe yana tofar da yawu, wata tsohuwar ma ta iya zagina in ta yi asara. Baba kuwa ba zai iya zuwa shi kaɗai ba, gwiwoyinsa ba sa hawa matakala, kuma allurarsa ni nake yi masa.

In gaya miki gaskiya, ni ko son wurin ba na yi. Hanyar nan mai lanƙwasa tana sa ni amai, ga sanyi, ga layi a ko'ina, ga kiɗa da fitilu har kai ya sara. Ina da labulen wani gida da na yi alkawarin kaiwa kafin bikinsu, yarana biyu suna jarrabawa, maigidana ya ce shi dai kada a sa shi cikin rigimar gidanmu. Na gaji, Anti. Gajiyar da ko barci ba ya cire ta. Tun da aka yi rasuwar ni ce dafa abincin addu'a, ni ce karɓar baƙi, ni ce asibiti, kowa kuma in ya kira sai ya ce ai ke ce kike kusa.

Da na so in bar maganar ta mutu. Amma ranar Talata ina gidansa ina lanƙwashe bakin wani labule, ya daɗe yana kallon motata ta taga, sai ya ce, “'Yata, ke ma motarki ta cika?” Allurai ne a bakina, su suka cece ni. Sai ya ƙara da cewa, “Ba wasa zan yi ba. A bencin nan kawai nake so in zauna.” Ya tashi ya shiga ɗaki.

To ki gaya min, in cire ƙyallen in kai shi a ɓoye, ko in bi maganar Yaya mu jira? In na jira ina tsoron abin da zan tarar, in na tafi ina tsoron abin da zan ji a raina. Gaba kura, baya sayaki.

Wadda Ke Kusa, Ipoh

*

'Yata Wadda Ke Kusa,

Ina yi muku ta'aziyya. Ki ajiye allura ki zauna, maganar ba ta kai tsananin da gajiya ta nuna miki ba.

Mu fara da wanki. Kada ki ɗauke shi mugu. Ɗan da yake nesa lokacin da uwa ta rasu yakan riƙe ƙa'ida da hannu biyu, don ita kaɗai ta rage masa da zai yi mata. Kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya: kada ki cire ƙyallen, kada kuma ki yi tafiyar a ɓoye. Abin da aka ɓoye a watan makoki shi ake tonowa a kowace sabuwar shekara har ku tsufa. Inda ya kuskure shi ne ɗauka da ya yi cewa Baba shaƙatawa yake nema. Ku an ba ku ƙyalle, an ba ku kwanaki, an gaya muku abin da za ku yi da baƙin cikinku. Shi ba a ba shi komai ba. Mutumin da bai taɓa danna inji ba, yake roƙon a kai shi bencin da ya saba jiran matarsa, ai makokinsa yake son yi. Ki gaya wa wanki haka, ki kuma gaya masa abin da likita ya ce, ba tare da kin sassauta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙa'idar ta hana ki wasa da biki, ba ta hana ki raka tsohonki ba. Zauren caca ba za ki taka ba, shi ma ba ciki zai shiga ba. Akwai haikali a jikin dutsen kafin a kai sama, ku tsaya can ku kunna wa Mama turare, duk dangin da ya tambaya a ce masa addu'a aka je yi, kuma ba ƙarya aka yi ba. A sama sanyi zai sa ki ɗora riga mai kauri, ƙyallen yana ciki a inda yake, ba wanda kika tsorata, ba kuma wadda kika ajiye.

In wanki ya ce sai an ji ta bakin Mama, madalla, a ji. Ku tsaya gaban hotonta ku jefa kwabbai biyu, kamar yadda kuke tambayarta ko ta gama cin abinci ranar addu'a, yadda suka faɗi shi ne amsarta. Sai dai ni ba zan rataya ran tsoho a kan kwabo ba. Kada a tambaye ta ko a je. A tambaye ta ko Wai Keong ne zai tuƙa. In ta ce e, kin huta da hanyar da ke sa ki amai. In ta ce a'a, shi zai zo Ipoh ya kwana da yaranki ya kai su makaranta. Matar da kika kwatanta min ba na jin za ta ji haushin a yanke magana da kwabo.

Sauran kuma sauƙi ne. Kwana ɗaya ya isa, ba sai biyu ba. Ku je tsakiyar mako, ba ranar da motar unguwa za ta hau ba, don kada ya haɗa ido da su a layin abinci. Ki nemi ɗaki kusa da lif, ki tambayi otal ɗin keken tura tsofaffi tun kafin ku tashi, maganinsa da allurarsa su kasance a jakar hannunki, ba a but ɗin mota ba. Mai labule ki kira shi yau ki roƙi kwana biyu, wanda ya san an yi miki rasuwa ba zai ƙi ba.

Inna Yoke Lan tsoro ne ya sa ta ƙarya, kuma ƙaryar ta fi gaskiyar ciwo. Da ta ce masa, Kam Weng, ka san al'ada, da ya gane. Kada ki je ki yi mata faɗa, amma kada ki bari shagon kofin ya kuɓuce masa. In kun sauko, ke ki kai shi da safe ki zauna tare da shi sau ɗaya ko biyu. Kunya ce ke damun tsofaffin nan yanzu, jira suke wani ya fara gaisuwa.

Ba na yi miki alkawarin zai sauko yana cin kwano biyu. Mai yiwuwa ya zauna a bencin ya yi shiru, mai yiwuwa ya yi kuka a gaban mutane. Ki ƙyale shi, kada ki ce masa ya yi haƙuri, an gaya masa har ya gaji. Ki zauna kusa da shi. Na kuma lura a duk wasiƙarki kin faɗi abin da kika dafa da inda kika je, ba ki faɗi ranar da kika yi kukan uwarki ba. Bencin zai ɗauki mutum biyu.

Kwana ɗarin za su cika ko kin ƙirga ko ba ki ƙirga ba, Mama kuma ba abin da zai ƙara samunta. Wanda ba shi da tabbas shi ne tsohon da ke ɗaure wando da igiya. Ki je ki ba shi amsar tambayarsa yau, kafin ma ki kira wanki. Ba na so ku cire ƙyalle ɗaya ku maƙala wani.

Ku hau lafiya, ku sauko lafiya, ki gaishe min da Baba.

Anti Poh Choo