Cibiyar Musbahu

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2007

Na gan shi! Alhamdu lillahi, na gan shi da idona. Jikana, ɗan Salmanu. Shekara tara ana jira. Da surukata Wasila ta miƙo mini shi sai na ji tsoron kada ya suɓuce, ni da na shekara arba'in ina fito a kogin Yawuri gora ba ta taɓa kuɓuce mini ba. Kunnuwansa irin nawa ne, kowa ya faɗa. To, ni na fara faɗa, suka yarda.

Asabar aka haife shi, Asabar mai zuwa suna. Bizata ta kwana goma sha huɗu ce.

Na zo da gwangwanin. Na alawa ne, na wanke shi na shimfiɗa auduga a ciki. Ranar da cibiyar yaron ta faɗi, a ciki zan kai ta gida in binne a gindin tsamiyarmu, inda tawa take, inda ta ubansa take. Haka muke yi a gidanmu don yaro ya dawo. Na kuma gaya musu da an yaye shi ni zan riƙe shi. Wasila ta sunkuyar da kai. Kunya ce, ina jin.

Talata, 6 ga Fabrairu

Filat ɗin nan na unguwar Abu Hail, a nan ƙasar Larabawa, a hawa na shida yake. Ba zaure, ba tsakar gida. Mata 'yan barka sun cika falo, ni kuwa daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Na leƙa yaron sau goma sha ɗaya. Cibiyar tana nan, an maƙala mata wata roba.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Salmanu ya ce in bi shi wurin aiki kafin in huda musu kafet da sintiri.

A gida ina ce wa mutane harkar kago yake yi, wato aika kayan 'yan kasuwa ta jirgi. Yau na ga kagon. Mutum goma sha biyar ne, yawanci mata 'yan sari daga Kano da Maraɗi da suka gama sayayya suna jiran jirgin sama. Shi ke gaba da 'yar tuta a hannu da lasifika rataye a wuya, yana "Yalla, Hajiyoyi, yalla, a biyo tuta!" Ɗana, jikan masu fito, yana kora mutane yawon kallo.

Daga unguwar Sabkha muka gangara bakin ruwa. Wani reshen teku ne ya shigo ya raba tsohon garin biyu. Ƙananan jiragen katako ke fito, abra suke ce musu. Da na ji warin ruwa da man inji sai ƙirjina ya buɗe. Amma matuƙin! Da ƙafa yake juya jirgi, kuma da ƙarfi yake dukan gaɓa kamar suna da gaba. Da muka kusa tsallake ban san lokacin da na miƙe na cafki igiya ba. Jirgin ya karkata, mata suka sa salati, matuƙin ya yi ta ihu da yarensu. Wata Hajiya Sabuwa, mai haƙorin zinare, ta ce, "Baba tsoho, in wanka kake so ka bari mu sauka tukuna!"

Salmanu ya ba matuƙin haƙuri.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Cibiyar ba ta faɗi ba.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Bayan masallaci na sake tayar da maganar riƙon yaron. Salmanu ya ce, "Baba, a bari a yi suna." Na ce ban hana suna ba. Ya ce Wasila ba ta cin abinci sosai tun ranar Litinin. Na ce a dama mata kunun kanwa, mai jego ce.

Me na faɗa da ba a saba faɗa ba? Ni ma kakata ce ta riƙe ni.

Asabar, 10 ga Fabrairu

MUSBAHU. Na rubuta da manyan baƙaƙe kamar yadda malaminmu na yaƙi da jahilci ya koya mana rubuta abu mai girma. Ni na yi masa addu'a. Rago a mayanka aka yanka, ban ko ga idonsa ba, a leda naman ya iso. Amma an ci an sha, mutanen Nijar da na Gana duk sun zo. Na ɗaga shi na ce, "Kai abokin takara, ka shirya, kwale-kwalenka yana ɗaure yana jira." Kowa ya yi dariya ban da uwarsa.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na sake bin tuta. Zaman filat ya fi ƙarfina. Salmanu ya sa ni alkawarin zama a tsakiyar jirgi, hannuna a kan gwiwa. Hajiya Sabuwa ta dawo da ƙawayenta uku, wai wancan karon batirin kyamararta ya mutu. Tana ganina ta ce, "A ɓoye igiya, ga sarkin ruwa nan!"

Yau na saurara. Ya kai mu wata tsohuwar unguwa mai lunguna kamar na cikin birni, gidajen da dogayen hasumiyoyi masu kama iska su sauko da ita ɗaki. Ya ce fataken da suka gina ta daga tsallaken teku suka zo, suka ga ciniki, suka zauna. Daga nan sai tsohuwar ganuwa da aka mayar gidan tarihi. Na ga siffar masu nutso neman lu'ulu'u, dutse ɗaure a ƙafa, hanci a matse. Yaron ya san shekarun komai ba tare da duba takarda ba. Yana yi da Hausa, ya juya wa 'yan Maraɗi da ɗan Faransanci, ya tsokani mai gadi da Larabci. Ina ya koyi duk wannan?

Hajiya ta tambaye shi, su fataken, ba su koma garinsu ba? Ya ce jikokinsu 'yan nan ne yanzu. Sai ya ce, "Haka bakin ruwa yake ko'ina, Hajiya. Kakana ma daga wajen Gaya ta Nijar ya gangaro Yawuri da jirgin busasshen kifi, ya ɗaure, bai ƙara kwancewa ba."

A gaban mutane! Gaskiya ne, amma.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na kasa zama, na kasa karatu. Tun safe abu ɗaya nake juyawa. Tsamiyar nan Baba ne ya shuka ta. To tasa cibiyar tana ina? Ban taɓa tambayarsa ba. Ban taɓa jin wani ya zo daga Gaya nemansa ba.

Kwana goma, kuma har yanzu wai ba ta faɗi ba. Wasila ta daina yi masa wanka in ina kusa.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Mura ta shaƙe wa Salmanu murya, ga ayari na mutum ashirin. Ya lallaɓa har muka kai inda manyan jiragen katako ke lodi. Firji, tayoyi, buhunan shinkafa, duk a tule a bakin titi ba mai taɓawa. Nan muryar ta ƙare ƙaf. Ya ciro lasifikar ya rataya mini. "Baba, jirgi dai jirgi ne. Ka riƙe mini su."

Na ce ban san tarihin Larabawa ba. Sai na ga wani tsohon ma'aikaci a rataye a gefen jirgi yana cusa auduga tsakanin katakai da kurfi da guduma. Yadda muke yi! Na fara daga nan. Na gaya musu dalilin da ake jiƙa audugar da mai, da yadda ake gane jirgi ya yi nauyi daga inda ruwa ya kai masa, da dalilin da kaya masu nauyi ke zama a tsakiya. Na gaya musu jirgin katako yana kuka kafin ya ɓalle, mai kunne yana ji. Tsohon ya lura da hannuna, ya miƙo mini gudumar. Na buga uku. Ya ɗaga yatsa yana dariya, ba haƙori ko ɗaya a gaba.

Sun ce na yi fiye da rabin awa. Hajiya Sabuwa, wadda har yau jirginta bai tashi ba, ta ce, "Salmanu, ka bar mana tsohon, kai ka je ka yi jego."

A mota ya raɗa mini cewa duk abin da yake faɗa a kan jiragen nan, daga bakina ya ji yana yaro. Na ce ya rufe baki ya huta da maƙogwaronsa.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Da hantsi, Salmanu ya fita, Wasila ta zo ta durƙusa. Ta kwance bakin zanenta. Ga cibiyar nan, baƙa, a bushe, ba ta kai ƙwallon dabino ba. Ta ce tun Lahadi ta faɗi. Ta ce, "Baba, ka yafe mini, ɓoyewa na yi. Shekara tara ina kallon na mutane. In ta tafi, gani nake shi ma ya kama hanya."

Ta sa mini a hannu da kanta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Na sa a gwangwani na rufe. Abin da na zo nema ke nan. Na samu. To me ya hana ni cin abincin rana?

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na tafi bakin ruwa ni kaɗai, gwangwanin a aljihu. Na haye na dawo, na haye na dawo, sau shida. Matuƙin nan ya gane ni. A zuwa na ƙarshe ya jefo mini igiyar da kansa.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Filin jirgi. Salmanu ya rako ni har inda ake tsayar da 'yan rakiya, muryarsa ta dawo rabi. Ya tambaya ko na manta da wani abu. Na ce a'a.

Jakata ce ta cika. Turare, dabino, atamfofin da Wasila ta saya wa 'yan gida, ba inda zan sa gwangwanin. Na bar shi a ƙarƙashin matashin yaron. In sun sami ƙasa tasu wata rana su binne, ko ya girma ya kawo da ƙafarsa. Maganar yaye kuwa, gwiwoyina ba za su iya bin ɗan shekara biyu a bakin kogi ba, kowa ya sani. Na ce Salmanu ya gaya mata haka, kuma ta ci abinci.

In an tambaye ni a gida zan ce yana nuna wa baƙi tsohon gari da jiragen ruwa. Kalmar kago ma ba ta taɓa zama mini a baki daidai ba.

Na ce ya nemo mini biza in sanyi ya zagayo. Ba don komai ba, matuƙin nan har yanzu bai iya ɗaurin igiya ba.