Ya ƙi roƙona takalmi

Yaya Amphon, ki taimake ni da shawara, zuciyata ta rabu tsakanin alfahari da fushi. Bunthan ɗan maƙwabciyata ne, ni na riƙe shi tun rasuwarta. Samarinmu 'yan ƙabilar Lao a nan Minnesota sukan aske kai su yafa mayafi su shiga zuhudu na ɗan lokaci a gidan ibadarmu, sannan su tuɓe mayafin su koma aiki. Shi kuwa da abokansa suka fita, sai ya ce ya zauna ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. Har matan da ke cewa yaran Amurka ba sa iya zaman tabarma, yanzu su ke durƙusa masa. Kullum da safe ina kai masa shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, wadatacce, don bayan tsakar rana ba ya cin komai.

To, makon jiya na hango shi yana share ƙanƙara da silifas, dugadugansa duk sun tsage. Kuncinsa ma a kumbure, ashe haƙori ne ya daɗe yana cinsa. Direban gidan ibadar ya ce ya ji shi yana cewa bai san ko zai kai wani sanyin cikin mayafi ba. Ni da na goye shi, me ya hana shi buɗe baki? Ko na zama bare ne?

Mai Kwaɗon Gwanda

Ƙanwata, share hawayenki, ba a mai da ke bare ba. Kin san dokar, goyo ne ya mantar da ke. Ɗan zuhudu ba ya roƙon kowa sai danginsa na jini, ko wanda ya furta masa da baki cewa ya nemi abin da yake bukata. Na tabbata duk shekara kina faɗa wa babban malaminsu wannan magana. Bunthan fa, kin taɓa faɗa masa?

Fushinki yana da dalili, ciwo bai kamata a ɓoye shi ba, kuma malaminsa ya yi sakaci. Amma ku ma kun cika kwano kun manta da ƙafa. Gobe ki durƙusa ki furta masa a gaban mutane cewa ya nemi abin da yake bukata a wurinki, sauran mata su ji su kwaikwaya. A kai shi wurin likitan haƙori. A nema masa sa'o'insa masu zuhudu a wasu garuruwa, don zama cikin tsofaffi kaɗai yana gajiyar da yaro. Ki kuma rage shelar cewa har abada ne, kada kunyarki ta zama abin da ke riƙe shi.

Alfaharinki kuwa ki ƙara. Yaron da ya yarda ƙafarsa ta tsage don kada ya karya doka, ba wasa ya je yi ba. Ina yi muku fatan lafiya, ke da ɗanki.

Yaya Amphon