Manhajar da Ba Ta Iya Tsayawa Ba

Maraɗi, daren Laraba, 14 ga Mayu

Jibi zan gabatar da manhajar go, wasan kewaye fili da duwatsu a kan allo, a gaban malamai, ga shi yau ta kunyata ni.

Ni da ƙidayar Sin na gina ta, inda dutse da fili duk maki ne. Malamin da ke duba aikina kuwa ya ce ta Japan yake so, wadda fili marar dutse take ƙirgawa, sai na canza mata ƙidaya. Da la'asar na gwada ta da Yaya Sani. Ta ci wasan sarai, saura ta ce "na wuce", ta daina sa dutse. Ina! Sai ta yi ta jefa duwatsu cikin filin da ta riga ta mallaka, kowanne yana cinye mata maki, har ta faɗi da rabin maki. Kamar in rotsa kwamfutar da ƙasa.

Yaya ya ce, "Ƙanwata, halin Baba kika sa mata. Kin manta albasarshi ta Jiratawa? Ta nuna, bai daina ban ruwa ba sai da ta ruɓe."

Na yi dariya, na koma kan kwamfutar. Tun magariba nake ƙara mata gyara a kan gyara, yanzu ko buɗewa ta ƙi yi.

Ashe ba Baba ta gado ba. Ni ta gado.