Izinin da Ka Bari a Ƙauyuka

Zuwa ga mahaifina, Farfesa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kana cikin rahama a makwancinka, ni ce Uwani, mai sunan mahaifiyarka. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, Baba. Amma a gidanmu kai ake kai wa magana, kuma ban saba da wani wurin ba tukuna.

Har yau ban ji komai ba. Ranar da aka fita da kai ina tsakar gida ina shimfiɗa wa mata tabarmi, mutane suna cewa Uwani akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa ba ta ji. Ina zuwa makaranta in koyar, in dawo, in ci abinci ban san ɗanɗanonsa ba.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san ciwon sugarta. Bayan sadakar bakwai wani ɗan ƙurji ya fito mata a yatsan ƙafa, ya zama miki, mikin ya fara baƙi. Wani likita da ka koyar ya zo har gida ya duba, ya ce aikin ya fi ƙarfin ɗaki, in ba a kai ta asibiti ba ƙafar za ta tafi. Inna ta ce tana takaba, ba inda za ta.

A cikin makon ne mutanen jami'a suka zo ta'aziyya da motoci. Suka karanta tarihinka: yadda ka fara da aikin duba-gari a nan Daura, ka wuce Kano, ka haye ƙasar waje, ka dawo ka buɗe sashen koyar da kiwon lafiyar al'umma tun ana ganin abin wasa ne. Suka ce likitocin lokacin suna tambaya wane irin malami ne wannan da ba ya allura sai surutu. Na saurara kamar labarin wani ake ba ni. Hankalina yana kan warin da ya fara fitowa daga ɗakin Inna.

Ni abin da na sani shi ne Farfesan Masai, sunan da abokan wasanka suka laƙaba maka, kana amsawa kana dariya. Na san tsohuwar motarka cike da ƙyallen tace ruwa lokacin da kurkunu ke kwantar da manoma da damina. Na san ba ka taɓa yi wa ƙauye wa'azi a zuwan farko ba. Ka zauna, ka sha furar da aka ba ka, ka tambayi gona da shanu, ka tafi. Kakan ce, "Baƙo ba ya gyara gida ranar da ya sauka."

Ka sha ba mu labarin matar da ta canja maka aiki. A wani ƙauye ne wajen Mai'aduwa. Naƙuda ta yi mata tsanani, mijinta ya tsallaka iyaka da shanu, ga mota a ƙofar gida, amma duk gidan ba wanda ya yarda ya fitar da matar wani ba izininsa. Ta rasu kafin ya dawo. Ka ce ranar ka gane shekarun da ka yi kana koya wa mata zuwa awo, ka bar masu riƙe da ƙofa a baya. Daga nan ka koma bin masallatai da limamai, kana sa magidanta su tashi bayan sallah su ba matansu izinin zuwa asibiti sau ɗaya tak, a gaban shaidu, izinin da ba sai an sake nema ba. Ɗalibanka sun ce har a littattafai ana koyar da wannan dabara yanzu.

To, Baba, ga ta a gidanka. Mun kawo liman, ya gaya wa Inna mai takaba tana fita don lalura, addini bai hana ba. Ta ce ta sani. Yaya Sani ya ce shi ne babba yanzu, ya ba ta izini. Ta dube shi ta ce, "Yaushe ɗa ya fara ba uwa izini?" Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa taka zaure ba sai ka ce a dawo lafiya, ba kuwa za ta fara yanzu da ba ka iya cewa ba. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na bar ta. Ina wanke mikin safe da yamma, ina kallon baƙin yana hawa, ko tsoro na kasa ji.

Ana cikin haka wani dattijo mai fataucin shanu ya zo daga wajen Kongwalam. Bai ji rasuwarka da wuri ba. Ya nemi a yi masa iso ya yi wa iyalinka gaisuwa, aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar Inna, labule a tsakani. Bayan addu'a ya shiga ba da labarinka, kamar yadda kowa ke yi. Ya ce ranar da ka zo masallacinsu duk mazan sun sunkuyar da kai, ba mai son ya fara. Sai ka miƙe ka ce ba za ka sa mutane abin da ba ka yi ba.

Na ji gadon Inna ya motsa. Ta ce ya maimaita abin da ka faɗa, kada ya rage.

Ya ce, "Cewa ya yi, ku shaida na ba matata izinin zuwa asibiti, ko ina gida, ko na yi tafiya, ko ƙasa ta rufe idona. Hajiya, ai ba a garinmu kaɗai ba. Duk inda ya je da wannan yake farawa."

Sai Inna ta ce in miƙo mata hijabi, in ce wa Sani ya fito da mota.

Duk ƙasar Daura ta ji ka ba ta izini, ita kaɗai ce ba ta ji ba. Na san dalili. Kullum kai ke tuƙa ta, kai ke riƙe mata kati, bai taɓa zo maka a rai akwai ranar da za ta buƙaci jin maganar ba. Na so in ji haushinka, shi ma bai zo ba. A mota Inna ta ce, "Babanku ke nan, mai fitila duhu a gindinsa." Ba da zafi ta faɗa ba.

An cire mata yatsan da na kusa da shi. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da daga gwiwa za a yanke. An sallame mu, tana takawa da sanda, ta koma ɗakinta tana ƙarasa takabarta.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya yafe kurakuranka. Ya saka maka da kowace mace da ta fita ta dawo da ranta saboda maganarka. Ya ba Inna lafiya, ya sada mu a Aljanna.

Jiya ta ga ina rubutu, ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Na gaya mata gaskiya, ban san ko za ta yi faɗa ba. Ta gyara zaman ƙafarta a kan matashi, ta ce in sanar da kai ta je, kuma ta dawo.

Wassalam.

'Yarka,
Uwani